Dutse Ma Yana Da Mashigi

Jama'a, a kowace shekara idan hutun hunturu ya ƙarato, sai ka ga takardu manne a allunan sanarwa na ɗakunan kwanan ɗalibai: wannan ƙungiya za ta kai 'ya'yanta Jos, waccan za ta hau Kufena, wata kuma har tana mafarkin Mambila. Ba ni da ja a kan wannan, hasali ma murna nake yi, domin ɗalibin da bai san ƙasarsa ba sai a taswira, iliminsa ragagge ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata hira da na tarar 'yan'uwana 'yan ƙasar Bagudo suna yi da daddare a bakin shagon mai shayi. Shawara suke yi su haɗa kuɗi su ƙetara iyaka zuwa Jamhuriyar Benin, wadda tsofaffinmu har gobe ke kira Dahome ko da yake an sauya sunan tun 1975, su hau tsaunukan Atakora. Na zauna ina saurare kusan awa guda. Gardamar duka a kan abu ɗaya ta tsaya, watau wane dutse ne ya fi tsawo, kuma daga kan wanne hoto zai fi kyau. Ko mutum ɗaya bai tambayi ta wace hanya za a hau ba, balle ta wace hanya za a sauko.

To, mu 'yan bakin kogi ne. Daga Bagudo zuwa Zagga, daga Illo zuwa Lolo, abin da idonmu ya saba gani shi ne fadamun shinkafa da albasa, da giginya, da Kwara tana malala a hankali. Gaɓar kogin a wajenmu ba ta kai mita 200 bisa teku ba. 'Yan tuddan da muke da su na marmara ne masu shimfiɗaɗɗen kai, waɗanda yaron da ke kiwon awaki ke hayewa yana cin rake. Amma fa akwai ilimin da muke da shi wanda ɗan tsauni ba shi da shi. Babu yaron da ya tashi a garuruwanmu da aka koya wa iyo a tsakiyar kogi. A bakin gaɓa ake fara shi, inda ruwa ke iya gwiwa, sannan ƙugu, sannan ƙirji, kuma ƙarƙashin idon wanda ya girme shi. Babu Bafillatanin Ka'oje da zai tura shanunsa ruwa inda ya ga dama. Mashigi yake nema, ya tambayi Sarkawa, domin ya san kogin nan sau biyu yake cika a shekara, da damina da kuma cikin sanyi idan ruwan da ya taso daga ƙasar Gini ya iso, kuma inda aka haye bara ba lalle ne a haye bana ba. Ra'ayina a taƙaice shi ne dutse ma yana da mashigi, kuma wanda bai taɓa hawa ba wajibi ne ya nemi mashigin, ya bar ƙololuwa ta jira shi.

Bari mu fara rarrabe abin da muke magana a kai, domin kalmar "hawan dutse" ta ƙunshi abubuwa uku da ba su da haɗi sai a suna. Akwai tafiyar tsauni, wadda mutum ke yi a tsaye da ƙafafunsa biyu, hannuwansa na aljihu in ya so. Hawan Dala ta matakalar da aka gina mata irin wannan ne, haka nan hawan Jabalin Nur da alhazanmu ke yi don ganin kogon Hira. Akwai kuma hawan igiya, wanda gwanaye ke yi a jikin miƙaƙƙen dutse irin na Wase ko fuskar Zuma, da igiyoyi da ƙarafa da horo na shekaru. Tsakanin waɗannan biyu akwai na uku, wanda zan kira hawan dafe, domin ba ya yiwuwa sai mutum ya riƙa dafa dutse da hannu, yana neman maƙali, yana ɗaga jikinsa daga wannan mataki zuwa wancan, amma ba da igiya ba. Wannan na ukun shi ne mafi daɗi, shi ne kuma mafi yaudara. Mai tafiyar tsauni ƙasa ce ke tsare shi, mai hawan igiya igiyarsa ke tsare shi, mai hawan dafe kuwa ba abin da ke tsare shi, bayan kiyayewar Allah, sai hankalinsa da hanyar da ya zaɓa tun yana gindin dutse.

Ni kaina da wuya na koyi wannan karatu. Shekarata ta farko a Zariya, muka tafi Kufena mu biyar, ranar wata Asabar bayan an yi ruwa da dare. Wanda ya san Kufena ya san yadda yake, ƙaton baƙin dutse a yamma da birni, kusa da Wusasa, jikinsa falale ne mai gangara. Muna isa muka hango wata fuska da ta yi mana kama da gajeriyar hanya, muka kama hawa ana raha. Hawan bai ba mu wuya ba ko kaɗan, domin mai hawa fuskarsa na kallon dutse, idonsa na ganin duk inda zai sa hannu da ƙafa. Sai da muka yi nisa muka tarar da wani wuri da ya fi ƙarfinmu, aka ce a juya. Nan fa ido ya raina fata. Na waiwaya na ga falalen da na hau da dariya ya zama kamar bangon rijiya, ga laima, ga takalmin fata mai santsi a ƙafata. Ƙafafuna suka kama rawa da kansu, abin da ban taɓa sanin jiki na yi ba. Mun fi awa biyu a maƙale, ba gaba ba baya, har Allah Ya kawo wani yaro makiyayi da bai wuce shekara goma sha biyu ba. Ya dube mu, bai ce komai ba sai "Malamai, ba ta nan ake bi ba." Ya sa muka cire takalma, ya ja mu a gicciye zuwa wata tsaga mai ciyawa, muka sauko da zama kamar 'yan yaye. A ƙasa ya nuna mana hanyar da kowa ke bi, wadda ba ta fi tafiyar minti goma daga inda muka fara ba.

Daga ranar na riƙe abu guda, shi ne kuma nake so 'yan'uwana su fara aunawa kafin komai: hanyar da ta dace da ɗan koyo ita ce wadda zai iya saukowa ta cikinta. Sauka ta fi hawa wuya ninki ba adadi, kuma dalilin a fili yake. Ido a kai yake, ba a tafin ƙafa ba. Mai saukowa ƙafarsa ce ke gaba, tana laluben abin da ido bai gani ba, ga gajiya ta riga ta ci cinyoyi, ga ruwan sha ya ƙare, ga zuciya ta riga ta tafi gida tana ganin an gama aiki. Tarihin masu wannan sha'awa a Turai cike yake da shaidar haka. Ranar 14 ga Yuli, 1865, Edward Whymper na Ingila da abokan tafiyarsa shida suka zama na farko da suka taka ƙololuwar Matterhorn, a iyakar Suwizalan da Italiya. Lafiya lau suka hau. A wajen saukowa ne ƙafar Douglas Hadow, saurayin da ya fi su ƙarancin gogewa, ta zame, ya fizgo mutum uku, igiya ta tsinke, su huɗu suka halaka. Saboda haka duk matakin da za ka hau, tsaya ka tambayi kanka tukuna: in ta kama in dawo ta nan, zan iya? Idan amsar ita ce "sai dai in dira," to nan ne iyakarka ta yau. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, in ji masu iya magana, amma ya yi dubu bai fito ba.

Abu na biyu da ɗan koyo ke ruɗewa a kai shi ne bambancin wuyar hanya da haɗarinta. Turawan Ingila sun kasa hawan dafe daraja uku, tsarin da ya bazu bayan littafin da Steve Ashton ya fitar a 1980 a kan duwatsun arewacin Wales. Daraja ta ɗaya ita ce wadda mai lafiya ke iya bi ba igiya, ta biyu ta fi tsayi da wuyar ganewa, ta uku kuwa ƙofar hawan igiya ce. Wannan tsari yana da amfani, amma ga inda gizo ke saƙar. Akwai wani doron dutse a Wales da ake kira Crib Goch, siriri kamar kaifin wuƙa, rami dama rami hagu. A littafi daraja ta ɗaya ne, domin babu wani mataki a cikinsa da ya fi hawa katangar makaranta wuya. Duk da haka ya ci rayuka, domin wanda ya zame a kan katanga gwiwa yake gurjewa, wanda ya zame a can kuwa sai dai a ɗauko gawa. Watau tambayar da ta fi "zan iya?" muhimmanci ita ce "in na faɗi, ina zan tsaya?" Hanya mai wuya wadda ke da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa taku biyu a ƙarƙashinta ta fi dacewa da ɗan koyo a kan hanya mai sauƙi da ke bakin rami. Don haka nake ba da shawara a nemi hanyar da ke bin tsaga ko kwari, mai wuraren hutawa jefi-jefi, mai mafita ta gefe in abu ya ɓaci, a guji buɗaɗɗen falale da siririn doro.

Sai kuma tsawo, wanda shi ne abin gardamar 'yan'uwana. Lambar da ake rubutawa a taswira tsawon dutse ne daga matakin teku, ba daga gindinsa ba. Ana ba Dala mita 534, amma birnin Kano kansa yana zaune a bisa mita ɗari huɗu da ɗoriya, don haka abin da mai hawa ke hawa 'yan gomomin mitoci ne kawai. Tsaunukan Shere na Jos sun kai mita 1,829, amma garin Jos ya riga ya ɗauke maka wajen mita 1,200. Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Nijeriya da mita 2,419, mafi yawan hanyarsa tafiya ce ta kwanaki a ƙafa, ba dafe ba. A gefe guda kuma ƙaramin dutsen bayan gari mai mita 30 ya isa ya karya wuyan mutum. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wani ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya bar wa matafiya ma'auni tun 1892: a ba kowane kilomita 5 awa guda, a ƙara awa guda a kan kowace mita 600 ta hawa. Ma'auni ne na ƙaƙƙarfan mutumin da ya saba, a ƙasa mai sanyi. Mu da zafin ranarmu da rashin sabonmu, sai mu ninka shi biyu, mu ƙara da lokacin salla da na hutawa.

Kowane dutse kuma da halinsa, kamar mutane. Marmarar tuddanmu na Kebbi ruɓaɓɓiya ce; ka kama ta ta biyo hannunka, ƙarƙashinta kuma tsakuwa ce mai gangarawa kamar an zuba gero a daɓe. Baƙin dutsen Kufena da Kwatarkwashi da Zuma, wanda masana ke kira giranit, yana da tauri da kaushi, takalmin roba na kama shi sosai muddin a bushe yake. Da zarar ya sha ruwa, gansakukar da ke kwance a jikinsa sai ta farka ta zama kamar sabulu. Yana kuma ɓare fatarsa falle-falle saboda zafin rana da sanyin dare, don haka kafin ka ɗora nauyinka a kan wani ɓangare, buge shi da tafin hannu. In ya yi amo kamar ganga, rabu da shi. A Jos manyan ƙwallayen duwatsu ne a kan juna, da ramuka a tsakani. Ga ƙa'idar da malaman wannan fanni suka haɗu a kanta: cikin gaɓoɓinka huɗu, uku su kasance a kafe, ɗaya kaɗai ke motsi. A hau da ƙarfin ƙafa, hannu na daidaita jiki ne. Kada a dogara da ciyawa ko saiwar itace. Kuma kada ka tura hannu cikin ramin da idonka bai gani ba, domin duwatsunmu gidan kububuwa ne da kunama, kuma tsagoginsu gidan ƙudan zuma ne, waɗanda in suka taso wa mutum a wurin da ba ya iya gudu, to sai addu'a.

Yaya baƙo zai gane mashigin dutsen da bai taɓa gani ba? Amsar tana bakin mutanen da ke zaune a gindinsa. Kusan duk wani sanannen dutse a ƙasar nan an taɓa zama a kansa ko a jikinsa: Dala ta zamanin Barbushe, Turunku da Kufena na Zazzagawan farko, duwatsun Zuru inda Dakarkari suka kafa garuruwansu na tsaro. A Sukur, cikin tsaunukan Mandara, har hanyoyi aka shimfiɗa da duwatsu zuwa fadar Hidi, abin da ya sa hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999. Mutanen da suka rayu a irin waɗannan wurare ba don nishaɗi suke hawa ba. Mata ne da tulu a ka da goyo a baya, tsofaffi ne da sanda, jakuna ne da kaya. Shekaru ɗaruruwa suna gwada kowace tsaga har suka tace hanyar da ta fi kowace aminci. Wannan hanya ita ce ta ɗan koyo, an riga an zaɓar masa. Abin da ya rage gare shi shi ne ya sauke girman kan boko, ya je ya gai da mai gari, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya roƙi a haɗa shi da mafarauci ko makiyayi, ya biya shi hakkinsa ba tare da ciniki irin na 'yan kasuwar gwanjo ba. A nan ne kuma za a gaya masa inda ba a takawa saboda al'adar mutanen wurin, abin da babu taswirar da za ta nuna masa.

Kakanninmu ma haka suka yi da wannan Atakora da 'yan'uwana ke marmari. Jerin tsaunuka ne da ya taso daga kudancin Gana, ya ratsa Togo da arewa maso yammacin Benin, wutsiyarsa ta zo ta taɓa Kwara a can sama da Gaya, inda kogin ya yi lanƙwasar da ta sa Faransawa suka raɗa wa gandun dajin wurin sunan harafin W. Fataken goro da ke zuwa Gwanja daga Kano da Sakkwato sai sun ƙetare shi. Wasu ayarin a Illo ko Gaya suke haye kogi, wasu a Yawuri ko Busa, su ratsa Bargu, su bi ta Jugu ko su ɓulla Sansanin Mango, har Salaga. Madugu shi ne shugaban ayari, amma akwai jagaba, wanda aikinsa shi ne ya wuce gaba ya duba hanya da zango da ruwa da labarin 'yan fashi. Ba a taɓa jin jagaban da aka yaba wa don ya bi da jakuna ta wuri mafi tsawo ba. Wanda ya kai ayari ya dawo da shi ba a rasa ko akuya ba, shi ne gwani.

In don dutsen kansa ne, Atakora wuri ne da ya dace da mai koyo. Tsawonsa a Benin bai kai mita 700 ba. Dutsensa na yashi ne da ya daskare ya yi tauri, yana da matakai kamar an sassaƙa. A kewayen Natitingou akwai magangarar ruwa ta Kota, a wajen Boukoumbé da Koussoukoingou akwai gidajen ƙasa masu bene na Batammariba, waɗanda aka sa ɓangaren Togo nasu cikin kayan tarihin duniya a 2004, aka ƙara da na Benin a 2023. Hanyoyin ƙafa ne tsakanin ƙauye da ƙauye, ga 'yan ja-gora da suka saba da baƙi. Sai dai aikin jagaba bai tsaya a kan dutse ba, har da labarin hanya, kuma labarin ba mai daɗi ba ne. A watan Mayu na 2019 aka sace Faransawa biyu 'yan yawon buɗe ido a gandun dajin Pendjari, aka kashe ɗan ƙasar da ke yi musu ja-gora. A watan Fabrairu na 2022 aka kashe mutum tara a gandun W. A 2025 kuwa sojojin Benin sun yi asara mai yawa a wannan yanki, ashirin da takwas a watan Janairu, hamsin da huɗu a watan Afrilu. Daga Bagudo zuwa Natitingou ya haura kilomita 300 a miƙe, kuma gajeriyar hanyar, wadda ke bi ta Tsamiya da Segbana da Kandi ta nufi yamma ta Banikoara, gefen waɗannan dazuzzuka take bi. A namu ɓangaren ma ba mu manta da abin da Lakurawa suka yi a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024 ba. Ina ganin ɗaliban da suka ɗauki jakunkuna suka nufi can da katin makaranta kawai a aljihu, sun yi karambanin akuya gai da kura. Haka zan faɗa game da Kwatarkwashi da duwatsun ƙasar Zuru, duk da son da nake yi musu: kada kowa ya nufe su sai ya ji daga bakin mutanen wurin a cikin makon da zai tafi, ba labarin bara ba. Atakora ya daɗe a inda yake tun kafin a haifi madugu na farko, zai kuma jira mu.

Ina za a fara ke nan? A gida. Tuddan marmarar bayan gari sun isa a koyi tafiya a kan tsakuwa mai zamewa da saukowa a gicciye. Daga nan Dala da Goron Dutse don a saba wa ido da kallon ƙasa daga sama. Sannan Kufena ta hanyar da jama'a ke bi, da ɗan gari a gaba. Wanda ya ji abin ya shiga ransa, akwai makarantar da aka kafa don wannan aiki, Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci, wadda aka fi sani da Man O' War. An fara ta a 1951 a gaɓar tekun Victoria, garin da ake kira Limbe yanzu a Kamaru, kuma tana da sansanin tsauni a Shere. Sati biyu a hannun malami sun fi shekara biyu ana gwaji da rai.

Lokaci ma zaɓi ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dutse a bushe yake, rana kuma da sauƙi, sai dai a kula da hazo da gobarar daji. Bazara ta Maris da Afrilu tana mai da falalen dutse kaskon tuya. Damina kuwa ga santsi ga tsawa, kuma mutumin da ke tsaye a kan dutse shi ne abu mafi tsawo a wurin. A tashi bayan sallar asuba, a yanke tun a ƙasa cewa ƙarfe kaza za a juya ko an kai ko ba a kai ba, domin a ƙasarmu rana na faɗuwa duhu ke rufawa, ba ta yin dogon jan ƙafa irin na Turai. Kada a gaza mutum huɗu, don in ɗaya ya ji rauni ɗaya ya zauna da shi biyu su tafi neman taimako. Kada kuma a yi garke na mutum arba'in, na sama na turo wa na ƙasa duwatsu. A auna hanya da ƙarfin mafi raunin cikin tawaga. Ruwa lita uku ga kowa ba almubazzaranci ba ne. Babbar riga da silifa da takalmin zuwa ofis a bar su a gida.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko: ina ruwan ɗan Bagudo da hawan dutse, wannan ai wasan Turawa ne da suka ƙoshi. Ina tunatar da mai wannan magana cewa tun da aka kafa hidimar ƙasa a 1973 ba kowa ne ke zaɓar inda za a jefa shi ba. Gobe kai ne malamin makaranta a Mambila, ko jami'in allurar rigakafi da akwatin sanyi a kafaɗa a tsaunukan Koma, ko mai safiyo a Filato, ko ma'aikacin ƙidaya a ƙauyen da mota ba ta zuwa. Ran nan za ka gane wannan ilimi kayan aiki ne kamar alƙalami. Na biyu, kuma shi ne ya fi yawa a bakin samari: bin hanyar tsofaffi ragwanci ne, namiji ta gaba yake bi. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa kai gawa gida ba. Yawancinmu mu ne na farko a gidajenmu da suka taka jami'a. An sayar da buhunan shinkafa, an sayar da ɗan maraƙi, wata tsohuwa ta hana kanta sabon zane shekara uku. Ran da ke jikinmu amana ne, kuma jarin mutane da yawa ne. Ban ga jaruntakar da ke cikin caca da shi don hoton da za a manta da shi cikin mako guda ba.

Akwai abin da nake roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta yi, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi. A buɗe littafi guda a ofishin sakataren walwala. Duk tawagar da ta je wani dutse ta dawo, ta rubuta ranar da ta je, da ƙauyen da ta fara, da wanda ta nemi izini a wajensa, da awoyin hawa da na sauka, da wuraren da sai an dafa da hannu, da inda ake samun ruwa, da inda zuma take, da halin tsaron hanya, sannan ta ba hanyar daraja da gaskiya, ba da fariya ba. Kowace ƙungiyar da za ta fita kuma ta bar sunayen 'ya'yanta da lokacin da take sa ran dawowa a wannan ofishi kafin mota ta tashi. Ni zan rubuta shafin farko, na Kufena, har da fuskar da yaron nan ya ce ba ta nan ake bi ba. 'Yan'uwana na bakin shagon mai shayi kuwa na riga na gaya musu, ranar Asabar ta biyu bayan an dawo hutu ƙarfe shida na safe a bakin ƙofar makaranta, kowa da takalmin roba da gorar ruwansa.